Benen da Matarsa Ta Zaɓa

Wani magini na ganin benen da matarsa ta nace su saya, ya ja da baya.

"Mu ci gaba da zaman hayarmu," ya ce.

"Haba Baban yara! Shekara goma muna yawon haya. Dubi fenti, dubi baranda!"

Sai ya jiyo dariyar 'ya'yansu daga sama, su huɗu suna tsalle a barandar. Ya kwasa da gudu yana ihu, "Ku sauko! A hankali!"

Sai da ya fito da su waje sannan ya zube ƙasa.

"Wai lafiya?" ta tambaye shi.

"Ni na gina shi," ya ce. "Rabin simintin na sayar, na cike da yashi."