Ranar da na ci goma bisa goma

Ina aji biyar a firamare ta garinmu Damri, malamin Turanci ya koya mana kalmomin da ake faɗa idan ba a ambaci sunan mutum ba, irin su "somebody" da "nobody". Ya ba mu gwaji, ni kaɗai na ci goma bisa goma.

Da gudu na isa gida. Inna tana turara shinkafa a tsakar gida, ita da ƙanwar babana, Gwaggo Hajo. Har yau ina jin ƙamshin tururin nan. Na miƙa wa Inna littafin gwajin, ta kawar da kai kamar bango ne ya yi magana. Ni ce ɗiyarta ta fari, kunya ba ta barinta ta kama sunana, balle ta yabe ni.

Sai ta dubi Gwaggo ta ce, "Hajo, ki ce wa wata ta tuɓe kayan makaranta ta iza mini wuta."

Takaici ya cika ni. Na ce, "Inna, ina da suna fa."

Gwaggo ta yi dariya har da riƙe ciki. Na duƙa ina hura wuta ina hawaye, na ce hayaƙi ne. A gindin murhun nan na rantse ba zan taɓa yi wa ɗiyata haka ba.

Makon jiya tawa ɗiyar farin ta shigo da sakamakonta, ta zo ta ɗaya, surukata tana zaune. Na buɗe baki zan kira ta, sai na ji ina cewa, "A ce wa wata abincinta yana ɗaki."