Ranar da Aka Taka Cittar Iya Bernice

Tun daga bakin layi Kambai ya jiyo muryar Iya Bernice tana faɗa. Kafanchan na ci da wuta a watan Maris na 1987, amma ita tsohuwar nan cittarta ce ta dame ta.

Su bakwai ne da gorori da adduna, shi kaɗai ne ɗan unguwar. Nene suke nema, wata Bafulatana mai tallar nono da aka ga ta faɗo layin a guje. Kowa ya san in aka same ta ba za ta kai yamma ba. Gida huɗu suka bincike, saura na Iya.

Kambai ya rage sauri. Tsohuwar nan ta taɓa sharara masa mari a ƙofar coci don ya gaishe ta da hannu a aljihu. Yau ga shi da gemu, amma kuncin bai manta ba.

Tsakar gida duk shanyar citta ce. Iya na tsaye, hannu a ƙugu, a kan wata mace da ke durƙushe cikin zanen Zumuntar Matan coci da ya yi mata yawa, ɗankwali har gira. Wuƙa na hannun matar, ƙwaryar citta a gabanta. Kyanwa sai lasar ƙwaryar cittar take yi.

"A tsaye ake tsaga citta, ba a kwance ba. Albasa ne? Wane gida ya haife ki?"

Sannan Iya ta juyo. Ko adda ɗaya ba ta kalla ba, ƙafafunsu ta duba.

"Kambai ɗan Laraba, ka taka mini citta."

Ya ɗage ƙafa. Wani daga baya ya tambaya ko wace ce wannan. Iya ta ce surukarta ce, kayan takaici, wata uku ba abin da ta iya sai cin tuwo. In suna son ta su ɗauka, amma sai sun zauna sun tsage mata buhun nan tukuna. Ɗakuna kuwa ga su a buɗe, sai dai kowa ya tuɓe takalmi.

Ƙarti bakwai suka tuɓe takalma. Suka leƙa ƙarƙashin gado, suka leƙa rumbu. Ba kowa, sai hoton ɗanta Zamani a bango cikin doguwar farar riga. Suna fitowa Iya ta dungure wa matar kai, ta ce in ta ɗiga mata hawaye a citta sai ta kwana ba abinci. Wani ya ce gara kurkuku da zama da wannan tsohuwa. Suka fita suna dariya.

Sai da suka tsallaka layin dogo Kambai ya tsaya cak. Suka ce lafiya? Ya ce tsakuwa ce a takalmi, ya ci gaba da tafiya, bai waiwaya ba.

Ya tuna: ɗa ɗaya tak Iya Bernice ta haifa a duniya, shi kuwa Zamani Fada ne a coci, irin limaman da ba sa aure.