Ƙungiyar Tsuntsun Leda ta Maijirgi

An kori Sabi'u tela da jama'arsa daga filin ƙwallo, an kore su daga bayan lakwal, wato makarantar boko, sannan aka kore su daga bakin kasuwa ranar da tsuntsunsu na leda ya faɗo kan jakin amalanke, jakin ya kwasa da gudu har da tulunan mutane.

A waya Sabi'u ya fara ganin abin. Leda ce da tsinken kara da dogon zare, iska ta ɗauka sama kamar shirwa. Ya haɗa nasa, ya ga ya tashi, shi ke nan sai ya kafa ƙungiya. Ya naɗa kansa shugaba, ya naɗa Bilal mai cajin waya mataimaki. Samari suka shiga, har da wasu magidanta. Abin da suka rasa shi ne wurin tsayawa. Gari kuwa ya samu abin dariya, wai mutum da mata da 'ya'ya yana bin leda da gudu. Wannan dariya ta ci wa Sabi'u rai ƙwarai. So yake ko da rana ɗaya ce, mutanen garin Maijirgi su ɗaga kai su kalli abin da ya kafa, su yi shiru.

Ana haka Gwaggo Hindatu ta aika a kira shi. Tsohuwa ce mai gonar dawa a bakin tabki, wadda ko akuya ta leƙa mata shinge sai mai gari ya ji. Bana ita kaɗai take, jikokinta duk sun koma karatu Tasawa.

"Ɗan nan, na ji ana ta korarku," in ji ta. "Akwai faƙo tsakiyar gonata. Ku tahi can ku yi wasanku, in ga mai hana ku."

Sabi'u har da ƙwalla. Nan take ya naɗa ta uwar ƙungiya.

Ashe Gwaggo ta fi su son abin. Ita ta ce iskar kirki da sassafe take da kuma la'asar, kada a yi fashi. Ita ta ce leda mai ƙyalƙyali ta fi kyau a sama, a ƙara wa jela tsawo ta riƙa kaɗawa. In sun daɗe a gabas, sai ta ce su koma yamma, wai can iskar ta fi daɗi. In sun yi tsit, ta tsawata musu.

"Wane irin wasa ne wannan ba ihu? Ku samari ne ko masu zaman makoki?"

Sai su ɓarke da ihu, ita kuma ta damo musu fura. Bilal ya ce tun da yake bai taɓa jin wanda ya sha furar Gwaggo ba. Sabi'u ya ce ai harkar wasanni haka take, tana sauya zuciyar mutum.

Mutanen gari ma suka rage dariya, don bana kowa kuka yake da gonarsa. Sabi'u ya ɗauki shirun a matsayin girmamawa. Da aka gama girbi, ya ce lokaci ya yi. Ya sa ranar babbar gasa, ya gayyaci mai gari, ya gayyato samarin Tasawa, ya ajiye ɗinkin mutane ya zauna ya ɗinka wa 'yan ƙungiya riguna iri ɗaya.

Ranar gasa ya shigo gaba, jama'a na biye, mai gari a tsakiya da lema. Suka tarar an toshe hanyar gonar da ƙaya. A kan faƙon, shanun Fulani ne kwance suna tuƙa, Gwaggo ta sauke su su zuba mata taki. Ita kuwa tana gindin rumbu tana sheƙa.

"Gwaggo, yau ce fa gasar!" in ji Sabi'u. "Ga mai gari nan da kanshi!"

Ta gaida mai gari da ladabi, sannan ta juyo ta dube shi da mamaki na gaske.

"Gasar mi kuma, ɗan nan? Dawa ta shiga rumbu. Ku dai dawo baɗi in ta fara fidda kai, don wallahi ban taɓa samun masu korar tsuntsaye irinku ba."