Iyakar Fayil Dubu

An sake dawo wa Injiniya da aikinsa. Ya daki tebur har shayi ya fantsama a kan kwamfutar.

Manhaja ce ya rubuta wa wani kamfani mai shagunan magani. Ba a karɓar aiki sai mai dubawa ya sa hannu, kuma kamfanin ba ya faɗa wa kowa sunan kowa. An riga an ja masa kunne cewa in ba ta wuce a makon nan ba, wani za a ba. Shi kuwa tun da furfura ta cika masa kai, ba mai kiransa aiki sai su.

Laifinsa ɗaya. Ya rubuta cewa manhajar za ta iya buɗe fayil dubu a lokaci guda, tunda haka kwamfutarsa take yi tun fil azal. Mai dubawa ya ce kowane tsarin da ke tafiyar da kwamfuta da tasa iyakar, abin da ƙa'idar gama-gari ta lamunce ɗan kaɗan ne, kuma tsofaffin na'urorin shagunan za su tsaya cak ana tsakiyar sallamar marasa lafiya. A ƙasa ya ƙara da cewa: “Kada ka yanke wa na'ura ƙarfinta. Tambaye ta nawa za ta iya ɗauka.”

Wannan ne ya fi ƙona masa rai, domin maganarsa ce. Duk wanda ya koyi aiki a hannunsa ya sha jin ta. Ashe wani ɗan rainin wayo cikin ɗalibansa ne ya samu kujera yake rama tsiya.

“Ko waye uban yaron nan, bai iya tarbiyya ba,” in ji shi.

Matarsa ta leƙo ta ce ya sassauta murya, 'yarsu Auta tana aiki a ɗaki. Autar ce ma ta fito da tsumma ta goge shayin. Ba ta ba shi haƙuri ba. Ta dai nuna tsohuwar kwamfutar da ya koya mata aiki da ita, ta ce ya gwada a can. Ya daka mata tsawa ta koma.

Ya gwada ɗin, don kawai ya ƙaryata mutumin. Ko rabin dubu ba a kai ba manhajar ta ƙame.

Yana huci ya goge lambar, ya sa manhajar ta riƙa tambayar na'ura iyakarta kafin ta soma aiki. Ya tura, ko gaisuwa babu.

Ta bayan bango wata kwamfuta ta yi ƙara. Auta ta karanta gyaran har ƙarshe, ta sa hannu, ta ce a hankali, “Sai yanzu, Baba.”