Tsohuwar Kwamfutar Mijinta

"Hajiya, babu komai a ciki," in ji mai gyara, bayan ya buɗe tsohuwar kwamfutar marigayi mijinta. "Ko ma'ajiyar bayanai ba ta da ita."

"Ɗana, sake dubawa. Shekara tara yana rubuta littafinsa a kanta."

"To da filashi yake tayar da ita. Manhajar da rubutun duk suna cikinsa. Ɗan abu ne kamar yatsa, ba ki taɓa gani ba?"

Nan take ta tuna. Ta sha ganinsa cikin 'yar jakar fata a wuyan mijin, ta ɗauka laya ce. Gudun kada 'ya'yansu su ce ubansu ya mutu da shirka, washegarin jana'iza ta jefa shi cikin tekun Iskandariya, birnin da suke zaune.