Ɗigon Ja a Kan Takalmi

Da la'asar Fatiha ta fito zaure wurin Mudathir, saurayin da aka sa musu rana, amma ba ta shimfiɗa masa tabarma ba. A bangon gidan su Fatiha da ke unguwar Bagadaza, jan fentin da 'yan rusau suka shafa da safe yana nan ɓaro-ɓaro. Wani kamfani ne zai gina manyan shaguna a wurin.

"Na ji abin da ya faru," in ji shi, kansa a sunkuye.

Ita ma ta dubi ƙasa. Ga ɗigon ja biyu a kan takalminsa.

"Inna ta hango mai riƙe da gwangwanin fentin," ta ce. "Sai ta ce idonta ne ya lalace. Ta ƙi yarda yaron da take zuba wa tuwo ne."

"Aiki ne, Fatiha. In ban shafa ba wani zai shafa. Da shi zan kama mana ɗaki a Pantami."

"Inna da ƙannena fa?"



Ta zare zoben da ya ba ta, ta ajiye a kan dakali.

"Ranar da za ku zo da katafila, ka yi sallama tukuna. Inna tana ciki."