Sallamar da Na Yi wa Alƙali

Alƙalan Daula su ke kamu, su ke shari'a, su ke kisa, amma ba sa ƙarya. Shi ya sa ba sa amsa sallamar wanda suka yanke wa hukunci. Mu 'yan kasuwar duniyar Wata mun daina yi musu sallama, gara mutum bai sani ba.

Ran Laraba ɗayansu ya tsaya sayen tsire wurina, sai ga ƙanena Jatau, saukarsa ke nan daga gida. Na taka wa Jatau ƙafa don ya yi shiru, amma ina!

"Salamu alaikum, Allah gafarta malam."

Alƙali ya amsa har da murmushi. Daɗi ya kwashe ni, ni ma na yi tawa sallamar.

Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Baba, ƙara min yaji."